Jan Kwaɗo a Hawa na Tara

Ranar da ƙafar Kawu Bun-hiong ta kumbura ya kasa sa takalmi, ni aka danƙa wa jan kwaɗon kulle wuta.

Mu huɗu ne a kamfanin babana, amma Apa, kamar yadda nake kiransa, ba ya faɗin haka. In aka tambaye shi sai ya ce, "Mu uku ne, sai Tsai-wei," wato ni. Aikinmu kafa farantan sola a saman gine-ginen ofisoshi a nan birnin Taichung. Apa da ƙanwarsa Gwaggo A-Kiau da Kawu su ke hawa rufi. Ni tawa takarda ce: zanen gini, takardun izini, amsa waya. Shekarata goma sha tara, kuma ban taɓa taka rufin da muka yi aiki a kansa ba. Ko barandar gidanmu ba na jingina da ƙarfenta.

A cikin mota muka karya, a bakin ginin, da wainar ƙwai da madarar waken soya. Ƙarfe tara bai yi ba, amma rigata ta riga ta manne a bayana. Apa ya shimfiɗa zanen a kan sitiyari ya dangwala yatsa, ya bar tabon mai a wurin.

"Saurara da kyau. Farantai duk mun ɗaure su. Masu jan waya sun gama nasu jiya, sun jawo ta daga hawa na tara har rufi, sun gwada, sun bar ta da wutarta, sun naɗe bakinta da baƙin salatif. Yau zan haɗa ta da inbata, akwatin da wutar farantan ke shiga. Ke abin da za ki yi kaɗan ne. Ki je ɗakin wuta na hawa na tara, makunni na goma sha bakwai, ki kashe, ki sa kwaɗo, ki kira ni a oba-oba. Sai ki zauna a nan, kada wani ya zo ya taɓa."

"Tara, sha bakwai," na ce.

"In ce ko ba za ki suma ba?" in ji Gwaggo daga kujerar baya. Tana tauna goron binlang, tana tofar da jan yawu a kofin takarda. "Hawa na tara fa sama ne, malama. Ko mu ɗaure ki da igiya?"

"Ƙyale min yarinya, A-Kiau. Wannan ko waƙafi ba ya ɓace mata. Ke da kika karanta tara a matsayin shida a Changhua, ke ce da baki?"

"Takardar ce a juye."

"Kanki ne a juye."

Suka yi dariya, ni ma na yi 'yar kaɗan. Apa ya sa min kwaɗon a tafin hannu. Ƙarami ne, ja, da katin da aka rubuta sunansa a jiki. Na ji daɗin abin da ya ce game da waƙafi, har na maimaita shi a raina sau biyu.

Tsoho Kuo maigadi yana kallon wasan kwaikwayo a wayarsa sa'ad da na tsaya gaban teburinsa. Na ce ina son mukullin ɗakin wuta na hawa na tara. Bai ɗago ba, ya lalubo ɗaya daga jikin ƙusoshin da ke bayansa, mai lamba tara a kan 'yar roba shuɗiya.

"Ki dawo min da shi, 'yar nan. Na ƙarshen da ya ara, har yau ina jiransa."

Na shiga lif da mutanen ofis masu ƙamshin turare, na danna tara. Ɗakin wutar yana ƙarshen baranda, kusa da ƙofar matakala, ɗan ƙarami kamar na ajiyar tsintsiya. Na buɗe murfin akwatin mai launin toka. Makunnai jere biyu, duk kamarsu ɗaya. Na ƙirga da yatsa, na sake ƙirgawa daga ƙasa, na duba zanen, na sake duba lambar da ke jikin bangon baranda. Tara. Sha bakwai. Na ja shi ƙasa ya ce ƙas, na zura kwaɗon na datse.

"Apa, an kashe, an kulle."

Oba-oba ta yi shuu, sannan muryarsa ta fito tare da iska. "Yawwa 'yar gari. Bari in rataye abin nan a jikin ƙarfe, yana ja min wando ƙasa. In na gama zan kira ki."

Akwai bokitin goge-goge a kusurwa. Na kife shi na zauna, na bar ƙofar a ɗan buɗe saboda zafi, na ciro littafina daga jaka. Na tuna har shafin da nake. Na karanta shafi shida, wataƙila bakwai. Na sha lissafa wannan daga baya, minti nawa shafi shida ke ci.

Takun takalmi mai tsini ne ya sa na ɗago. Wata mata ce tsaye a ƙofar, da katin kamfanin inshora a wuyanta, an rubuta Manaja Hsieh. Tana riƙe da kofin shayi, ganyen na yawo a ruwan sanyi.

"'Yammata, ke ce kika taɓa mana wuta?"

Na miƙe, littafin ya faɗi. "A'a, ranki ya daɗe. Na rufi kawai na kashe. Na sola."

"To injin ruwan zafinmu ya mutu, firij ma ya mutu. Abincin ranar mutum talatin ne a ciki. Kusan minti goma ke nan, kuma ke kaɗai na gani a nan."

"Ba zai yiwu ba. Wannan makunnin babu komai a kansa sai wayar da ta hau sama."

"Ni dai ban san wayar da ta hau sama ba. Na san firij."

Na buɗe zanen don in nuna mata. Ina so ta ga ba ni da laifi, shi ke nan abin da ke raina a lokacin. Na juya zuwa shafin da aka yanka ginin a tsaye, hawa kan hawa, na sa yatsa a ƙasa na fara hawa da shi yadda zan yi wa yaro bayani. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Yatsana ya tsaya.

A lif babu huɗu. Daga uku sai biyar. Na gani da safe, kamar yadda na gani a asibiti da otal da gidan kakata tun ina ƙarama, ban kuma gani ba, don wa ke lura da abin da bai taɓa kasancewa a wurin ba? A yarenmu kalmar huɗu tana kama da kalmar mutuwa a baki, ba mai hayar ofis a hawa na huɗu, sai mai gini ya tsallake lambar. Amma injiniya ba ruwansa, shi bene yake ƙirgawa. Taran da ke cikin zane, a lif goma ne. Ina ƙasa da inda aka aike ni da hawa ɗaya. Firij ɗin Manaja Hsieh na kulle da jan kwaɗo, wayar da Apa zai kama kuwa tana nan da wutarta.

Na fizgo oba-oba daga ƙuguna.

"Apa." Na matse oba-oba da hannu biyu. "Apa, kada ka taɓa. Apa. Gwaggo."

Shuu kawai.

"Lafiya?" in ji matar. "Kin yi fari fat."

Na ciro waya. Ta Apa tana cikin mota, kullum can yake barinta tun da ɗaya ta suɓuce masa daga hawa na bakwai. Na kira Gwaggo. Ta yi ƙara sau ɗaya, biyu, har ta katse. Tata tana cikin jakar abinci, jakar kuma tana inuwar tankin ruwa.

"Ki kira maigadi," na ce wa matar, muryata ba tawa ba. "Ki ce ya kawo mukullin goma. Goma na lif. Sha bakwai, a kashe. Babana na sama."

"Me za a kashe? Ni wutar nake so a kunna."

Ban tsaya ba. Na leƙa lif, dukansu biyu suna hawa na ɗaya, kibiyarsu ba ta ko motsi. Na tura ƙofar matakala.

A hawa na goma na yi wauta, ko kuwa ba wauta ba ce, har yau ban yanke ba. Ɗakin wutar na nan a daidai inda ɗan'uwansa yake, ƙofa iri ɗaya, fenti iri ɗaya. Na zura mukullin tara. Ya shiga har ƙarshe, ya ƙi juyawa. Na murɗa da ƙarfi har robar ta yanke min yatsa. Na doki ƙofar da kafaɗa, ni da ko buhun shinkafa ba na iya ɗagawa. Makunnin yana bayan katakon nan, tsakanina da shi bai kai kamu uku ba. Wani saurayi ya leƙo daga ofis da takardu a hannu yana kallona. Na bar mukullin a jiki na koma matakala.

Sha ɗaya. Takalmina ɗaya ya fice, ban waiwaya ba.

Ni na buga wa kamfaninmu takardar kariya da hukuma ta ce dole a manna a ofis, saboda haka na san abubuwan da bai kamata in sani ba a wannan lokacin. Na san wanda wuta ta kama ba ya ihu. Hannunsa damƙewa yake yi a kan wayar, ya kasa saki. Na san ba a taɓa shi da hannu, sai da busasshen katako. Layukan suka riƙa zuwa min ɗaya bayan ɗaya, da irin harafin da na zaɓa musu. Na ce a raina ai zai gwada da testa kafin ya taɓa, kowa na gwadawa, shekara talatin yana aikin nan. Sai na ji muryarsa a mota yana cewa wannan ko waƙafi ba ya ɓace mata.

Sha biyu. Sha uku. Ƙirjina na ƙuna, tabarauna na zamewa a kan gumi. Daga nan matakalar ta koma ta ƙarfe, siririya, a ƙarshenta ƙofa a buɗe an tokare ta da bulo.

Hasken ne ya fara dukana. Farantai sahu-sahu, baƙaƙe masu sheƙi, suna mayar da rana cikin ido. Iska ta cika min riga. Katangar bakin rufin iyakarta gwiwa, bayanta kuwa babu komai, sai garin can ƙasa da motoci kamar ƙwaro. Na tsaya riƙe da ƙofar, ina jin ginin na lilo, ko da yake na san ba ya yi.

Gwaggo na can gefen hagu ta ba ni baya, tana huda siminti, ƙarar injin ta cika ko'ina. Oba-obar Apa na rataye a jikin ƙarfe kusa da ni, ita kaɗai. Can ƙarshen rufin, inda akwatin inbata yake, daf da katanga, na hango Apa.

A durƙushe yake. Kansa da kafaɗunsa cikin akwatin, hannunsa na dama ma a ciki. Safar hannunsa ɗaya na ƙasa kusa da gwiwarsa. Ba ya motsi.

Na ƙirga uku ina jira ya motsa. Bai motsa ba.

Na yi kira, iska da injin suka cinye. Tsakanin sahun farantai akwai 'yar hanya, faɗinta bai fi tafin ƙafa biyu ba. Ban iya bin ta a tsaye ba, sai na durƙusa na bi ta da rarrafe, simintin na ƙona min tafin hannu, idona a kan tafin takalminsa kawai. A hanya na ci karo da guntun katakon da aka sauke farantai a kai, na jawo shi ina tafe ina jansa. Ina tunanin ta ina ake bugun mutum, a hannu ko a kafaɗa, in kuma na buge shi da ƙarfi ya tafi ta bayan katangar fa?

Da na iso inda zan iya taɓa ƙafarsa, sai na ga bayan rigarsa na ɗagawa yana sauka.

"Apa."

"A-Kiau, miƙo min filaya," ya ce daga cikin akwatin. "Rubutun nan kamar ƙafar tururuwa, tun ɗazu nake son in gane wanne ne wanne."

"Apa, ni ce. Kada ka motsa hannunka. Da wuta."

Ya tsaya cak yadda yake.

"Tsai-wei?"

"Ba daidai na kashe ba. Da wuta a jiki. Ka fito da hannunka a hankali."

Ya fito da shi kamar mai zare hannu daga ramin maciji, gwiwar hannu tukuna, sannan wuyan hannu, sannan yatsu. Ya ja da baya ya zauna daɓas. Sai a lokacin na ga cikin akwatin. Wayoyi uku masu kauri. Biyu ya riga ya warware musu salatif, jan ƙarfensu tsirara yana ƙyalli. Ta ukun, salatif ɗin na reto rabi a warware. Ya cire safar ne don bakin salatif ɗin ya ƙi kamuwa.

Ya laluba aljihun ƙirjinsa ya ciro testa. Bai ma kai ta jikin wayar ba ta fara ƙyafta jan ido tana tsuwa. Ya janye, ta yi shiru. Ya sake matsawa, ta sake. Ya yi haka har sau uku, kamar yana jiran ta canza magana.

Ƙarar injin ta tsaya. Gwaggo ta taho tana share fuska da gefen hula.

"Kai, wa nake gani? Malama da kanta a rufi, da ƙafa ɗaya babu takalmi? Yau za a yi ruwa. Wannan katakon kuma na mene ne, dukan uban naki kika zo yi?"

Ta dubi testa, ta dubi hannun Apa, ta dubi safar da ke ƙasa. Taunar da take yi ta tsaya.

"Yaya. Ba ka gwada ba."

"Ta ce an kashe."

"Ban tambaye ka abin da ta ce ba. Bun-hiong in ya ce an kashe, ba ka gwadawa? Ni in na ce, sau biyu kake gwadawa, a gabana, don ka ƙular da ni."

"Lif ɗin babu huɗu," na ce. "Zanen kuma akwai. Na bi na lif. Ni ce, Gwaggo. Na ƙirga makunnan sau biyu, ban ƙirga benen ba."

"Ke yi min shiru, zan zo kanki." Ta tofar da goron gaba ɗaya a kan siminti, abin da ba ta taɓa yi a rufin mutane ba. "Tsoho da furfura, ka cire safa, ka sa hannu. Me zan je in gaya wa matarka? In ce mata yarinyar ba ta ɓatar da waƙafi?"

Apa ya mayar da murfin akwatin ya ɗaure shi da kusoshi biyu, ya ce wa Gwaggo ta tsaya a nan kada ko tsuntsu ya sauka a kai. Sannan ya miƙa min hannu.

"Tashi mu je ki nuna min."

"Ba zan iya tashi ba."

"To rufe ido."

Na rufe. Ya riƙe ni ta wuyan riga kamar ɗan kyanwa, ya bi da ni tsakanin farantan har na ji inuwar ƙofa a fuskata.

A hawa na goma muka tarar da Tsoho Kuo yana haki, da mukulli a hannu, yana ƙoƙarin zare wanda na bari a ƙofar. Manaja Hsieh na bayansa, har yanzu da kofinta. Ashe ta kira shi. Apa ya karɓi mukullin ya buɗe, ya ƙirga da yatsansa, ya ja sha bakwai ƙasa. Ya aike ni ƙasa na kwance kwaɗon na kunna musu firij, na kawo masa, ya datse da kansa, ya jefa ɗan mukullin a aljihunsa. Ya sunkuya ya ba matar haƙuri.

Muka koma matakala mu biyu. Na ɗauka sama zai wuce, amma a tsakanin goma da sha ɗaya sai ya zauna a kan tudun matakala, ya cire hular kwano ya ajiye. Na zauna a ƙasa da shi da taki biyu. Ya ɗora hannunsa na dama a kan gwiwa, ya rufe shi da na hagu.

Ina jira ya yi faɗa. Na fi son ya yi.

"Minti nawa?" ya ce.

"Goma. Ko sha biyu."

"Me kike yi?"

"Karatu."

Ya gyaɗa kai. Ƙasa can wani ya buɗe ƙofa ya rufe, ƙarar ta hauro ta wuce mu.

"Waya ta biyun nan," ya ce, "da na warware ta, ta goge ni a nan." Ya nuna bakin hannun rigarsa, wurin maɓalli. Ya daɗe yana kallon wurin. "A kan riga."

Na sa fuskata a gwiwa. Kukan bai zo da sauti ba. Bai ce in daina ba.

Oba-oba ta yi shuu a ƙuguna, muryar Gwaggo ta fito. "Kun kashe ko kuna can kuna shan shayi? Rana na cin mutum a nan."

Na danna. "An kashe, an kulle."

"Na ji. Ki ce wa tsohon nan ni zan gwada, ba shi ba."

Apa ya ɗauki hularsa, ya dafa bango zai miƙe, sai ya koma ya zauna.

"Ce mata ta ba ni minti biyar," ya ce. "Ƙafafun ba su dawo ba tukuna."